Tsohuwar Masar da Ƙasar Tsakanin Koguna: Ina Suka Rabu?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram na tambaya: mene ne bambancin mutanen tsohuwar Masar da na Mesofotamiya, ƙasar tsakanin koguna, wato Iraƙi ta yau?

To, malam, a fara da ruwa. A wancan zamani Kogin Nilu na Masar kan cika duk shekara a lokacin da aka sani, ya ja ya bar baƙar laka mai albarka. Kogunan Mesofotamiya kuwa, Dajla da Furat, ba su da alƙawari, ambaliyarsu kan zo ba sallama. Masana da dama na ganin wannan ya shafi tunanin mutanen. Masar ta dunƙule ƙarƙashin sarki guda wajen shekara 3100 kafin haihuwar Annabi Isa, ana ɗaukarsa abin bauta. A Mesofotamiya kowane birni, irin su Ur da Uruk, da sarkinsa da gunkinsa, ga yaƙi kan gona da magudanar ruwa.

A wancan zamani babu sulalla a duka biyun. Masar na biyan ma'aikata da hatsi, burodi da giya. Babila ta Mesofotamiya na auna azurfa da sha'ir, a rubuta bashi kan allon yumɓu.

Batun mutuwa ne ya fi raba su. Bamasare ya yi imani da rayuwa bayan mutuwa, inda za a ɗora zuciyarsa a sikeli da gashin tsuntsu, shi ya sa ake busar da gawa, a naɗe ta. Mutumin Mesofotamiya kuwa duhu da ƙura kawai yake tsammani bayan mutuwa.

Daga cikin abin da Mesofotamiya ta bari, dutsen dokokin Sarki Hammurabi na Babila yana gidan tarihi na Louvre a Faransa har gobe.