Addu'a a Ɗaka ko a Fili?

Karatu: Matta 6:5-8, Ayyukan Manzanni 27:33-37

A ƙungiyoyinmu mun saba buɗe taro da addu'a, haka kuma ranar gayya kafin a sa garma a ƙasa. Amma waɗansu 'yan'uwa suna cewa wannan bai dace ba, tun da Ubangiji Yesu ya umarci mai addu'a ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. In ba mu lura ba, gardamar nan za ta raba mu. To, ina gaskiyar take?

Mu duba da kyau. Abin da Yesu ya tsauta wa munafukai a kai shi ne nufin zuciyarsu, gama sukan tsaya a majami'u da kan hanya domin mutane su yabe su. Shi kansa ya yi addu'a a gaban taro a bakin kabarin Li'azaru (Yohanna 11:41-42). Bulus kuma ya yi godiya domin gurasa a cikin jirgin ruwa mai ɗauke da mutum 276, bayan kwana 14 cikin hadiri, har duka suka sami ƙarfin zuciya suka ci abinci.

Amma mu tuna, Yesu yakan keɓe kansa. Ya taɓa tashi da asuba ya tafi inda ba kowa domin ya yi addu'a (Markus 1:35). Kowane manomi ya san saiwar dawa a ɓoye take, ita ce kuwa ke riƙe kara ranar iska. Addu'ar ɗaka ita ce saiwa, ta fili ita ce zangarniya.

Saboda haka kada mu daina addu'a a taro. Sai dai wanda aka ba shi ya yi ta gajeruwa, da Allah yake magana, ba wa'azi yake yi ba, ba kuwa habaici ga wanda bai biya bashin taki ba. Maƙwabta da suka ji addu'armu da safe za su ga yadda muka raba taki da yamma.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. Yaushe rabonmu da yin addu'a inda ba mai ganinmu?
2. Yaya za mu ba mata da matasa zarafin yin addu'a a taron ƙungiya?