Nazarin Zaman Jama'a da Amfaninsa

Idan yaro ya taso daga makaranta, ya tarar an ajiye masa tuwon dawa da miyar kuka, ya kan wanke hannu ya zauna ya ci. In aka tambaye shi wa ya yi masa wannan abinci, sai ya ce uwarsa. Gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce. Manomi ne ya noma dawar, da fartanyar da maƙeri ya ƙera masa. Daddawar da ke cikin miya wata mata ce ta dafa kalwa ta yi. Naman kuwa na saniyar wani Bafillace ne, ya kai ta kara ya sayar, mahauci ya saya ya yanka. Manjan daga Kudu ya fito, direban da ya kawo shi sai da ya kwana a hanya. Yawancin mutanen nan yaron bai taɓa ganinsu ba, waɗansunsu ma ba su jin Hausa. Duk da haka, da ɗayansu ya ƙi aikinsa, da abincin bai kammala ba.

To, darasin da ke koya wa yaro ya ga dukan hannuwan nan da ke bayan kwanon tuwonsa, shi a ke kira Nazarin Zaman Jama'a, waɗansu kuma su ce Nazarin Zamantakewa. Watau ilmi ne na mutum da mutanen da ya ke zaune tare da su, da wurin da su ke zaune, da yadda kowa ya ke dogara da ɗan'uwansa. Lissafi ya kan koya wa yaro ƙirga, karatu ya kan buɗe masa littafi, amma wannan darasi shi ke koya masa zama da mutane.

Akwai tambayoyi huɗu da darasin ke taimakon ɗan makaranta ya amsa.

Ta farko ita ce, wace irin ƙasa ce ya ke zaune a ciki? Nan zai koyi cewa damina a Arewa gajeriya ce, wata huɗu ko biyar, saboda haka gero da dawa da gyaɗa da auduga su ne su ka fi yi. A Kudu kuwa ruwa ya fi yawa kuma ya fi daɗewa, shi ya sa a ke samun kwakwar manja da koko da goro. Zai ga a taswira yadda kogin Kwara da na Binuwai su ka haɗu a Lakwaja. Daga nan zai gane dalilin da ya sa shanu da albasa su ke gangarawa Kudu, manja da goro kuma su ke haurowa Arewa. Abin da wannan ya rasa, wancan yana da shi.

Ta biyu ita ce, me ya faru kafin a haife shi? Zai ji cewa kasuwar Kurmi ta Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa aka kafa ta, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Zai ji labarin Abzinawa masu kawo gishirin Bilma a kan raƙuma, da fataken da su kan bi madugu da jakunansu, su yi watanni kafin su kai Gwanja, a ƙasar Ghana ta yanzu, domin sayo goro. Zai ji kuma cewa hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, Nijeriya ta sami 'yancin kai ran 1 ga Oktoba, 1960. Wanda ya san waɗannan ba zai yi mamaki ba in ya ji akwai Zangon Hausawa a Kumasi, da unguwar Sabo a Ibadan, da Sabon Gari a Kano. Mutane sun daɗe suna zuwa garin juna neman abinci.

Ta uku ita ce, wa ke riƙe da jama'a, kuma ta wace hanya? Yaro ya kan fara daga gida, inda maigida ke da alhakin iyalinsa. Sa'an nan ya hau zuwa mai unguwa, da dagaci, da hakimi, har sarki. Zai koyi kuma cewa akwai shugabannin da talakawa ke zaɓa da ƙuri'a, watau kansila, da shugaban ƙaramar hukuma, da 'yan majalisa, da gwamna, da shugaban ƙasa. Nijeriya tana da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, hedkwatar ƙasa kuwa ta tashi daga Ikko, watau Legas, ta koma Abuja a 1991. Muhimmin abu a nan shi ne yaro ya san cewa rijiyar burtsatse da asibiti da makaranta da kuɗin jama'a aka yi su. Wanda ya fasa tagar aji, kayan ubansa ya fasa.

Ta huɗu ita ce, mene ne haƙƙinsa, mene ne kuma haƙƙin waɗansu a kansa? Yana da haƙƙin a ba shi ilmi, a kula da lafiyarsa, kada kowa ya zalunce shi. Su kuma jama'a suna binsa bashin ladabi, da gaskiya, da tsabta, da bin doka. Wanda ya zuba shara a kwata, ranar da aka yi ruwa mai yawa ba gidansa kaɗai zai cika ba, har da na maƙwabta.

A da, ba a haɗe a ke koyar da waɗannan abubuwa ba. Labarin Ƙasa dabam, Tarihi dabam, kuma sau da yawa yaro ya kan haddace sunayen sarakunan Ingila alhali bai san wanda ya kafa garinsu ba. Cikin shekarun 1960 aka fara gwada haɗa su wuri ɗaya, musamman a wata makarantar sakandare da ke Aiyetoro, a Jihar Ogun ta yanzu. A 1969 aka yi babban taro a Legas domin gyara abin da a ke koyarwa a makarantu. A lokacin ana cikin yaƙin basasa, wanda aka fara a 1967 aka gama a 1970, aka yi hasarar rayuka masu yawan gaske. Shugabanni su ka ga lalle ne yaran ƙasa su san juna tun suna ƙanana. Da aka fito da tsarin ilmi na ƙasa a 1977, sai aka sa wannan darasi cikin waɗanda a ke koya wa yaran firamare.

Ga misali ɗaya na amfaninsa, wanda kowane yaron ƙauye ya sani. Manomi da makiyayi tun kaka da kakanni su ke zaune tare. Bayan an gama girbi, makiyayi ya kan shigo da shanunsa gona su ci kara da harawa, su bar wa manomi taki. Matar makiyayi ta kawo nono da man shanu, ta koma da hatsi. Akwai kuma burtali, watau hanyar da aka keɓe wa shanu domin kada su shiga shuka. Amma mutane sun ƙaru, gonaki sun faɗaɗa, a wurare da yawa an nome burtali, waɗansu makiyaya kuma su kan saki dabbobi tun amfani yana gona. Daga ɓarnar kadada ɗaya sai faɗa ya tashi, a ƙone gidaje, a rasa rayuka, yara su bar makaranta.

Ɗan manomi da ya yi wannan nazari ya san abin da ke koro makiyayi daga wuri zuwa wuri, watau neman ciyawa da ruwa. Ɗan makiyayi da ya yi shi ya san cewa gonar nan ita ce abincin shekara na gida guda. Dukansu biyu sun san cewa in an yi ɓarna akwai dagaci da arɗo da alƙali, ba sai an ɗauki makami ba. Darasi kaɗai ba ya kashe rikici, amma yaron da ya san dalilin maƙwabcinsa yana da wuyar zugawa. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Wannan ilmi ba na hadda ba ne kurum. Ɗan makaranta mai hankali ya kan shiga kasuwa ranar da ta ke ci, ya tambayi mai goro da mai kifi daga ina kayansu su ka fito. Ya kan zauna wurin kakansa ya ji yadda aka kafa unguwarsu, da asalin sunanta. Ya kan zana taswirar garinsu, ya nuna masallaci da kasuwa da rijiya da makaranta. In akwai baƙo a ajinsu, ya koyi gaisuwa da harshensa, kada ya yi masa dariya. A Nijeriya akwai harsuna fiye da 500, ba wanda Allah ya yi a banza.

Yaran da ke aji yau su ne za su zama dagatai da alƙalai da manoma da 'yan majalisa gobe. Icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya saba duban kwanon tuwonsa ya tuna da mutanen da su ka taru a kansa, in ya girma zai san darajar kowa, zai kuma riƙe amanar jama'a.

Tambayoyi

1. Mutane nawa aka ambata waɗanda su ka taimaka wajen samar da tuwon yaron?
2. Don me manja da goro su ke zuwa daga Kudu?
3. Mene ne burtali, kuma me ke faruwa in aka nome shi?
4. Waɗanne shugabanni ne a ke zaɓa da ƙuri'a?
5. A zaɓi abu ɗaya da a ke sayarwa a kasuwar gari, a bincika hannuwan da ya bi kafin ya iso.