Tafiyar Sallah: Yadda za ka isa gida da lafiyayyen baya

Daga Legas zuwa Kano tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, kuma a makon Sallah, da cunkoso da shingayen bincike, mutum kan wuni ya kwana a kujera ɗaya. Wanda ya taso daga Zuba ko Unguwa Uku ma bai tsira ba, domin direban Golf mutum huɗu yake zubawa a baya, biyu a gaba. Shi ya sa wasu ke zuwa Idi suna dafe da kwankwaso, wuya ya sage, ko waiwaye ba sa iyawa.

Abin da ke jawo ciwon shi ne daɗewa a zama iri ɗaya. Tsokar da aka bari a ƙage awa biyar dole ta yi tsami. Don haka babban magani yana wurin tsayawa. Duk inda mota ta tsaya, ko shan mai ne, ko salla, ko cin abinci a Lokoja ko Tafa, ka sauko. Kada ka ce barci ya fi maka. Ka taka na minti biyar, ka ɗora hannu biyu a ƙugu ka ɗan gantsare a hankali, ka juya kafaɗu. Alwala da ruku'u da sujada kansu suna warware gaɓoɓin da zama ya ɗaure. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda mata ke zama a mota saboda kunya ko saboda yaro yana barci a cinya, alhali su suka fi kowa buƙatar saukowa. Maigida, karɓi yaron nan ka bar ta ta miƙe ƙafa.

Kafin mota ta tashi, gyara mazauninka. Tura ɗuwawu har ƙarshen kujera, sannan ka naɗe tawul ko hirami ko zani ka sa a lanƙwasar bayanka, daidai ƙugu. Wannan ɗan naɗin yana hana baya ranƙwafawa. Cire walat daga aljihun baya, domin yana karkatar da zama, yana kuma danne jijiyar da ta sauka zuwa ƙafa. Kada ka cusa jaka a ƙarƙashin ƙafafunka har gwiwa ta kusa taɓa ƙirji. In kana da zaɓi, guji kujerar ƙarshe da wadda ke saman taya, can ne duk ramin da aka faɗa yake ƙarewa a ƙashin bayanka. Dattijo ko mai juna biyu ko mai tsohon ciwon baya, in da hali a biya masa kujera biyu. Kuɗin bai kai na asibiti ba.

Sai wuya. Kan babban mutum yana da nauyin kusan kilo 5, kuma gwargwadon sunkuyar da shi, gwargwadon ƙaruwar nauyin da wuya ke ɗauka. Wanda ya duƙufa a kan waya daga Zariya har Abuja shi ya saya wa kansa ciwo. Ɗaga wayar zuwa saitin ido, ko ka ajiye ta. Gyangyaɗi ma haka: kai yana lilo, mota ta faɗa rami, wuya ya fizgu. Sayi matashin wuya, ko ka naɗe mayafi ka tokare shi da shi.

Ka sha ruwa, kada tsoron fitsari ya hana ka. Mai tuƙa motarsa kuma ya matso da kujera yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, ya riƙa hutawa bayan kowace awa biyu.

Akwai wani haɗarin da ke jira bayan an iso. Baya ya yi sanyi, ya ƙage, sai mutum ya sauko ya sunkuya ya fizgo buhun shinkafa ko ƙatuwar jaka daga but. A nan baya ke riƙewa. Ka fara takawa tukuna. In za ka ɗauka, durƙusa da gwiwa, manna kayan da jikinka, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. In ya yi nauyi, kira ɗan dako.

Ciwon da ya biyo bayan tafiya yakan lafa cikin 'yan kwanaki da gashin ruwan ɗumi da zirga-zirga, kwanciya wuni guda kuwa ƙara shi take yi. Kada ka sayi haɗin ƙwayoyi a hannun masu talla a tasha, kuma kada ka sha ibuprofen ko diclofenac da yunwa, musamman in kana da gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Amma in ƙafa ta mutu ko ta yi rauni, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, kada ka jira a gama Sallah. Tafi asibiti a ranar.