SA WA TSOHUWAR LAND ROVER GIYA MAI CANZA KANTA

Manomi ko ɗan kasuwa mai tsohuwar Land Rover, wadda ke kai taki gona ta komo da hatsi, ya kan gaji da taka kuloci, balle cikin yashi. Daga nan sai ya fara tunanin sa mata giya mai canza kanta, watau otomatik. Abin yana yiwuwa, amma ba ga kowace mota ba.

Dalili kuwa, akwatin giyar irin motocin nan baki biyu gare shi. Na gaba yana kama inji, na baya yana kama wani ƙaramin akwati mai raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. In ɗaya bai dace ba, kuɗi sun tafi a banza.

Wadda ta fi sauƙin aiki ita ce Defender mai injin dizal 300Tdi, wanda aka fara yi a 1994. Discovery ta farko ta wannan zamani injinsu ɗaya, ƙaramin akwatinsu kuma iri ɗaya ne, LT230. Waɗansu Discovery ɗin sun fito da otomatik mai giya huɗu, ZF 4HP22, ƙirar Jamus. To, shi za a nema. Da matsin mai yake aiki, da wata waya da ke haɗe da totur, ba ruwansa da kwamfuta. Na Discovery ta biyu, wadda ta fito a 1998, kwamfuta ke sarrafa shi, gara a bar shi. Wanda aka ciro daga injin fetur V8 kuwa, ko da lambar ɗaya ce, bakinsa ba ya kama na dizal.

Kada a sayi akwatin shi kaɗai. Lalle a haɗo da tulun mai da ke maye gurbin kuloci, da faifan da ke ɗaure shi ga inji, da sandar giya da wayoyinta, da ɗan lagireton da ke sanyaya mai. Na ƙarshen nan shi aka fi rainawa, alhali zafi ne ke kashe otomatik, kuma ba abin da ke dafa mansa kamar jan kaya a hankali cikin yashi da bazara. Kafin a biya a duba man: ja garau ake so. In ya yi baƙi yana ƙauri, akwatin ya riga ya ƙone.

Ƙaramin akwatin kuwa, mai ɗaukar buhuna ya riƙe na Defender ɗinsa. Lissafinsa 1.410 ne, na Discovery 1.222, watau na Defender ya fi ja, na Discovery ya fi gudu a kwalta.

Tsofaffin nan da ake kira Series, na 1948 zuwa 1985, ba su fito da otomatik ba, ƙaramin akwatinsu ma dabam ne. Abin da za a kashe wajen sauya su ya kan fi kuɗin motar, gyaran kuloci ya fi.

Har wa yau mai mota ya sani, irin wannan giya ba a tayar da ita da turi. Ranar da batir ya mutu a gona, sai an kawo wani daga gari.