Babi na Bakwai: Gayya a Birni, Misali daga Lambunan Kudancin Kogin Kaduna

7.1 Gabatarwa

Sau da yawa idan an zo koyar da aikin gayya a darasin al'ada, akan gabatar da shi tamkar wani abu da ya shuɗe, wato al'adar ƙauye wadda zamani ya riga ya binne. Wannan babi zai nuna cewa gayya ta biyo mutane zuwa birni, sai dai ta sauya kama. An ɗauki noman lambu a unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna a matsayin misali, domin ɗalibi mai shirin zama malami ya koyi nazarin al'ada a inda take raye.

7.2 Gayya da Lambu a Al'adar Bahaushe

Gayya ita ce taruwar jama'a bisa kiran wani domin su taya shi aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ba tare da biyan kuɗin ƙwadago ba. Abin da ke kan mai gayya shi ne ciyarwa: fura, tuwo da goro, wani lokaci har da makaɗan noma. Gayya kuwa bashi ce, domin wanda aka yi wa yau shi ma za a kira shi gobe. Akwai kuma gayyar da amfaninta na kowa da kowa ne, kamar yashe rijiya, gyaran hanya da sharar maƙabarta.

Lambu gona ce ta ban-ruwa, galibi a fadama ko bakin kogi, wadda ake nomawa da rani. Akan yanka ta fangali-fangali domin ruwa ya kwanta, a da kuma da jigo ake ɗebo ruwan. Ya kamata ɗalibi ya tuna da wasu kalmomi biyu na noman gargajiya, wato gandu da gayauna. Gandu gonar gida ce wadda kowa ke aiki a cikinta ƙarƙashin maigida, gayauna kuwa 'yar gona ce da ake ware wa mutum, abin da ya samu nasa ne. Za a sake cin karo da su a gaba.

7.3 Yadda Unguwannin Suka Kafu

Tun kafin Turawan mulkin mallaka su dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna noma a wannan yanki. Har yanzu sunayen mazaɓu irin su Kakuri Gwari da Kakuri Hausa suna tuna wa mutum wannan tarihi. Abin da ya cika kudancin kogin da jama'a shi ne masana'antu. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙu irin su Nortex da UNTL da Arewa suka biyo baya a shekarun 1960. Kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, aka kuma buɗe matatar mai a 1980. Dubban ma'aikata daga kowace kusurwa ta Nijeriya suka zauna a Kakuri, Makera, Nasarawa, Barnawa, Television da Sabon Tasha.

Abubuwa biyu suka girgiza wannan zama. Na farko rikice-rikicen 2000 da 2002, waɗanda suka sa mutane da yawa suka yi ƙaura zuwa unguwannin da 'yan addininsu suka fi yawa, har kogin ya zama tamkar iyaka. Na biyu durƙushewar masaƙu: KTL ta rufe a 2002, sauran manyan kuma suka riƙa bin sahu cikin 'yan shekaru. Magidancin da ya saba karɓar albashi ya wayi gari ba shi da shi, kuma mai gidan haya da mai sayar da abinci a bakin masaƙa duk abin ya shafe su. Wasu suka kama acaɓa, wasu ƙananan sana'o'i, wasu kuma suka koma ga fartanya.

7.4 Lambu da Rufin Asirin Unguwa

Damina a Kaduna takan ɗauke wajen watan Oktoba. Da ruwan kogi ya ja baya, masu lambu sukan sauka gaɓarsa da bakin rafuffukan da ke zuba cikinsa, su yanka fangali. Ana shuka alayyafo, latas, kabeji, karas, tumatir, attarugu, kuɓewa da yakuwa. A cikin gidaje da kangwaye kuma ana samun zogale, shuwaka da ugu, abin da ke nuna cuɗanyar miyar ƙabilu daban-daban. Amfanin ganye ga talaka shi ne saurinsa. Alayyafo kan isa yanka cikin wata guda ko ƙasa da haka, don haka mai fangali kaɗan zai iya samun na miya da na cefane kusan kowane mako, ya kai Kasuwar Monday ta Kakuri ko ta Sabon Tasha ba tare da dogon kuɗin mota ba.

To ina gayya ta shigo? Injin ban-ruwa ya fi ƙarfin aljihun mai fangali goma, haka ma shinge da gadin dare. Saboda haka makwabtan lambu kan haɗa kuɗin mai, su tsara ranakun ban-ruwa, su yi adashi don sayen iri da taki. A nan ne gandu da gayauna suka dawo. Lambun haɗin gwiwa ya fi ɗorewa idan an mayar da ruwa da shinge da tsaro gandu, aka bar wa kowa fangalinsa a matsayin gayauna. Inda aka ce komai na kowa ne, har da amfanin da aka girbe, rago yakan fake a bayan mai himma, kafin a jima mai himmar ya janye jiki. Ko shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa, wanda kashinsa na biyu ya fara a 2004 kuma Jihar Kaduna na ciki, ta hannun ƙungiyoyin manoma ya riƙa ba da tallafi, da sharaɗin su ma su zuba nasu kason.

Akwai wani amfanin da ba a auna shi da kwando. Ruwa ba ya tambayar addinin mai fangali. Idan na sama ya toshe hanyar ruwa, na ƙasa ne zai sha wahala, don haka dole su zauna su daidaita. A garin da aka taɓa raba unguwanni, duk wurin da ke tilasta wa mutane gaisawa kullum da safe ba abin rainawa ba ne. Amma kada malami ya zuzuta abin fiye da kima: lambu ba ya maye gurbin masaƙa, rage raɗaɗi kawai yake yi.

7.5 Matsaloli

Babbar matsala ita ce ingancin ruwa. Magudanan Kakuri da Makera suna kwararar da dagwalon masana'antu da na gidaje cikin kogin, kuma binciken masana kimiyya ya sha nuna ɓurɓushin ƙarafa masu guba, irin su dalma, a ruwan da kuma ganyen da aka shayar da shi. Haka lamarin yake a rafin Jakara na Kano. Wanki na rage ƙwayoyin cuta a jikin latas, amma ba ya fitar da ƙarfen da tsiro ya riga ya zuƙa. Mafita ita ce ɗebo ruwa daga saman inda magudanar ke shiga kogi, ko haƙa 'yar rijiya a fadama, wanda shi ma aikin gayya ne. Haka nan takin juji yana da kyau, amma sai an tsince leda da batir da kwalba.

Ta biyu ita ce ƙasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma yawancin masu lambu aro ko haya suke yi. Wanda bai san ko baɗi zai tarar da harsashin gini a fangalinsa ba, ba zai dasa mangwaro ba. Gine-ginen da suka mamaye fadama kuwa su ne kan gaba wajen shan ambaliya, kamar yadda aka gani a 2003 da 2012. Lambun rani a irin wannan wuri ba ya asarar komai, domin kafin ruwa ya cika an kwashe amfani.

7.6 Rawar Malami

Gonar makaranta ba baƙuwa ba ce. An ƙarfafa ta sosai lokacin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976, daga baya ta yi sanyi a makarantu da yawa. Malamin Hausa na iya farfaɗo da ita da fangali huɗu a bayan aji da buhunan ƙasa inda babu fili. Kowane rukunin ɗalibai ya riƙe nasa fangalin, ɗebo ruwa da gyaran shinge kuma a yi su tare. Daga nan za a sami kalmomin noma, da karin magana, da batun rubuta insha'i, kuma a ajin da ake jin Gbagyi da Bajju da Yarbanci, kowane yaro na iya kawo sunan ganye da harshen gidansu.

Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin gandu da gayauna, sannan ka nuna yadda za a haɗa su a lambun unguwa.
2. Ziyarci wani mai lambu da ke kusa da kai, ka tambaye shi daga ina yake samun ruwa, wa ke da filin, da kuma aikin da ba ya iya yi shi kaɗai. Rubuta rahoto na shafi biyu.