Ɗana Ba Ya Barci Saboda Ƙaiƙayi

Anti, ɗana ɗan shekara uku ne, tun yana wata biyar ƙuraje suka fito masa a kumatu. Yanzu sun koma lungun gwiwar hannu da bayan gwiwa, wurin ya yi baƙi ya yi kaushi. Da hunturu ya shigo sai abin ya ta'azzara, ya kwana yana susa har jini ya ɓata zanin gado. A asibiti an ce kirci ne. Wani mai kemis ya ba ni mai a ɗan bututu, ina gauraya shi da man kaɗanya ina shafa masa duk jiki. Kircin yana kwantawa, amma ina dainawa ya dawo fiye da da. Uwar mijina ta ce in hana shi ƙwai da gyaɗa da madara, maƙwabta kuma sun janye 'ya'yansu daga gare shi. Anti, na rasa yadda zan yi.

Uwar yaro, daga Gusau

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma sannu da ɗawainiya.

Ki faɗa wa maƙwabtanki kirci ba ya yaɗuwa. Ƙazuwa ce ake ɗauka, ita kuwa takan kama tsakanin yatsu, sai ki ga gida kowa yana susa. Kirci yakan bi jini, shi ya sa ake yawan samunsa a dangin da ke da asma ko yawan atishawa. Fatar irin waɗannan yara ba ta riƙe danshi, sai ta bushe ta tsattsage, ƙura da sabulu da gumi su samu hanyar shiga. Iskar hunturu kuwa tsotse ɗan danshin da ya rage take yi.

Man bututun nan ne ya fi damuna. Ki duba jikin kwalin. In kin ga clobetasol ko betamethasone, to magani ne mai ƙarfi da bai kamata a mayar da shi man shafawar yaro ba. In aka daɗe ana shafawa, fata takan yi siriri ta yi haske, kuma jikin yaro yana tsotsarsa fiye da na babba. Tunda ya jima a kansa, ki ɗauki kwalin ki kai wa likita, shi zai tsara yadda za a janye shi. In ya rubuta mai sauƙi irin hydrocortisone na kwanaki ƙidayayyu, kada ki ji tsoro, amma a kan ƙurajen kaɗai.

Babban aikin yana hannunki. Wanka sau ɗaya a rana da ruwa mai ɗumi kaɗan, minti 5 zuwa 10, ba soso, ba sabulu mai ƙamshi, ba maganin kashe ƙwayoyin cuta a bokiti. Na san mu da son dirje yaro sai ya yi fes, amma wannan fatar ba ta jurewa. Ki ɗan daddanna masa tawul, kafin minti 3 ki shafe shi da basilin marar turare ko man kaɗanya zalla. Ki maimaita da rana da dare, har ranakun da jikin ya yi luwai. Ki yanke masa farce, ki sa masa rigar auduga a ƙarƙashin rigar sanyi, kada kuma a turara kayansa.

Batun abinci, ki lallaɓa uwar mijinki cikin ladabi. Kada a raba yaro mai girma da ƙwai da madara a kan zato. Sai in kin lura wani abinci yana sa shi borin jini ko kumburin leɓe jim kaɗan bayan ya ci, nan likita zai shigo.

Yara da yawa abin yana lafa musu yayin da suke girma. Amma ranar da kika ga wurin yana tsatsafo da ruwa, ko ɓawo rawaya, ko mugunya, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa tare da zazzaɓi, ki kai shi asibiti a ranar, kada ki bari ya kwana.