Darasi na 12: Neman Ɗakin Haya Kusa da Jami'ar Legas

An kafa Jami'ar Legas a shekarar 1962, tana kuma unguwar Akoka. Gidajen kwanan da ke cikinta, irin su Jaja da Moremi, ba sa isar ɗalibai. Saboda haka da yawa sukan nemi haya a Bariga, Yaba ko Abule-Oja.

Galibi ta hannun dillali ake samun ɗaki, shi kuma a ba shi la'ada. Sai dai akwai 'yan damfara masu karɓar kuɗin mutane da dama a kan ɗaki guda. Don haka kada ɗalibi ya biya ko kwabo sai ya ga ɗakin, ya kuma gana da mai gidan, domin gani ya kori ji. Ya duba ruwan sha da lantarki, ya tambayi maƙwabta ko ana ambaliya da damina. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta wajabta wa mai gida ba da rasit.

Tambayoyi
1. Me ya sa ɗalibai suke neman haya?
2. Mece ce la'ada?
3. Bayyana ma'anar "gani ya kori ji".